Cire Mahaifa: Aikin Likita da Aikin Mutanen Gida

[Kiɗan buɗe shiri]

Gaisuwa ga mutanen Isa da Sabon Birni, da na Turba, Bafarawa, Gatawa, Kurawa da Tsamaye, har da 'yan'uwanmu da ke kama mu daga ƙetaren iyaka, wajen Gidan Rumji da Madarunfa. Shirinmu na yau a kan aikin cire mahaifa ne. Magidanta, don Allah kada ku murɗa akwatin rediyo ku ce zancen mata ne. Likita yakan gama nasa aikin cikin awa ɗaya zuwa uku. Abin da ke gaban wannan lokaci da abin da ke bayansa, kusan duk a hannunku yake, ku da iyayenmu mata da ke riƙe da gida.

Ta hanya biyu mace kan isa ɗakin tiyata don wannan aiki. Akwai wadda aka sa mata rana, ta shirya, ta je da ƙafarta. Akwai kuma wadda aka kawo ranga-ranga a bayan mota. Bari mu fara da ta biyun, domin ita ce ta fi ci mana tuwo a ƙwarya a wannan yanki.

Ga yadda abin yakan faru. Mace ce mai haihuwa ta bakwai ko ta takwas. Naƙuda ta kama ta tun la'asar, ba wanda ya damu, ana cewa ai ta saba. Ashe yaron a gicciye ya zo, ko kansa ya fi ƙarfin ƙugu. Dare ya raba, shiru. A ba ta jiƙo, a danna mata ciki, wani lokaci har a kira mai kemis ya yi mata allurar ƙara naƙuda. Can sai ta yi wata ƙara guda ɗaya, daga nan ciwon ya tsaya cak. Jikinta ya yi sanyi, gumi na keto mata, numfashi sama-sama, tana neman ruwa. Matan da ke ɗakin su ce ta samu sauƙi, a bar ta ta huta. Inna, ba sauƙi ba ne. Mahaifa ce ta yage, jini yana zuba a cikin ciki inda ido ba ya gani. Daga wannan lokaci, kowane minti da aka ɓata daga ranta ake cire shi.

Idan an kai ta da wuri kuma yagewar ba ta yi muni ba, likita yakan ɗinke mahaifar ya bar ta. Idan ta yage har ƙasa, ko ta fara ruɓewa, ko jini ya ƙi tsayawa duk da magani, sai ya cire ta don ya ceci rai. Haka ma idan mabiyiya ta manne wa jikin mahaifa ta ƙi fita.

Wannan ba sabon sani ba ne. Tsakanin 1976 da 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Zariya, suka fitar da sakamakon a 1985. Abin da suka gani shi ne, mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su taɓa zuwa awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su. Fiye da shekara talatin bayan haka, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Jihar Sakkwato, cikin haihuwa goma, ko ɗaya ba ta cika ba wadda ake yi a asibiti.

Sai dai ba zan tsaya nan ina ɗora wa mutanen karkara laifi ba, alhali kowa ya san halin da ake ciki. Wa zai fito da mota ƙarfe biyu na dare daga ƙauyen da ke bakin daji? Ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan, har da Isa da Sabon Birni, mutum ba shi da halin kiran direba balle ma'aikaciyar jinya. Ba mu manta da matafiyan da aka ƙona cikin mota kusa da Gidan Bawa a watan Disamba na 2021 ba. Tsoron hanya gaskiya ne. Saboda haka shawarata, kuma da zuciya ɗaya nake ba da ita: macen da ta haihu biyar ko fiye, da wadda aka taɓa yi wa aiki a ciki, da wadda aka ce mata a wurin awo yaronta bai kwanta daidai ba, idan wata na tara ya kama, ta koma gidan dangi a cikin garin Isa ko Sabon Birni, kusa da babban asibiti. Maigida, ɗawainiyar 'yan makonnin nan ba ta kai ta jinya ba.

Kuma in an je, a sani cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. A watan Nuwamba na 2024 ma, Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tsarin yi wa mata marasa ƙarfi aikin haihuwa kyauta. A tambaya ko asibitin da aka je yana cikin tsarin, tambaya ba laifi ba ce.

[Ɗan kiɗa]

Mu dawo kan wadda aka sa mata rana. Mafi yawanci ƙarin mahaifa ne yake kawo ta. Tsiro ne na tsoka, ba sankara ba ne, kuma ya fi yawa a matan baƙar fata. Jinin al'ada ya riƙa zuwa da gudaji, ya ɗauki kwanaki, mace ta ɗashe, jiri ya hana ta sakat, ciki ya yi girma. Da yawa sukan shekara biyu ko uku ana ce musu kwantaccen ciki ne, ana neman maganin tayar da shi, alhali hoton ciki na minti goma zai raba gardama. Wasu kuma mahaifar ce ke zazzagowa bayan yawan haihuwa, mace tana jin abu na leƙowa, kunya ta hana ta faɗa ko ga 'yarta. Sai kuma sankarar bakin mahaifa, wadda in an gano ta da wuri aiki yakan yi maganinta. A Oktoban 2023 gwamnatin Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta.

Yaya, kafin ki sa hannu a takarda, ki yi tambaya. Za a iya cire ƙarin kawai a bar mahaifar? Ana yin haka, musamman ga mai son ƙarin haihuwa. Za a cire bakin mahaifa, ko za a bar shi? Gidajen ƙwai guda biyu fa? Wannan ta ƙarshen tana da nauyi, domin su ne ke samar da sinadaran da ke riƙe da jikin mace. In an bar su, al'ada ce kawai za ta ɗauke, jiki yana nan yadda yake. In an cire su ga mace mai sauran ƙuruciya, za ta fara jin zafi na taso mata, da gumin dare, da bushewar gaba, kuma akwai maganin da likita ke bayarwa. Jikinki ne, sa hannun ma naki ne. Shawara da maigida abu ne mai kyau, amma mace baliga mai hankali tana da ikon amincewa da kanta.

Sai jini. Nan ne ake yawan samun cikas. Za a auna jininta, in ya yi ƙasa a ba ta ƙwayoyin ƙarin jini na wasu makonni, sannan a ce dangi su kawo leda biyu ko fiye. Sai ka ga ƙartai majiya ƙarfi sun fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wai ba da jini na rage ƙarfin namiji. Ba haka ba ne. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki yakan mayar da ruwansa cikin kwana ɗaya ko biyu, sauran kuma cikin 'yan makonni. A tsayar da masu bayarwa tun daga gida, musamman in an tura ku Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, inda ba ku da kowa. A faɗa wa likita in akwai hawan jini ko ciwon suga, a faɗi duk wani jiƙo ko gari da ake sha ba tare da ɓoyewa ba. In an ce kada ta ci komai daga tsakar dare, to ko fura ce kada tausayi ya sa a ba ta, domin tana iya yin amai a cikin barcin allura ya sarƙe ta.

Za ta farka da ƙarin ruwa a hannu da robar fitsari. Washegari ma'aikaciyar jinya za ta ce ta tashi ta taka, mai jinya ta ga kamar rashin imani ne. Alheri ne, tafiyar ce ke hana jini daskarewa a jijiyar ƙafa. In ta ciki aka yanka, kwana uku zuwa biyar akan sallame ta. In ta ƙasa aka bi, ba ya kai haka.

[Ɗan kiɗa]

To, an dawo gida. Ɗinkin waje yakan kame cikin kwana goma, shi ne yake yaudarar mutane. Na ciki yana buƙatar mako shida zuwa takwas. A wannan tsakani babu daka, babu surfe, babu jan guga, babu ɗaukar tulu ko jarka, babu itace, babu goyo. Na san gidajenmu. Na san akwai inda in ba ta ɗauki taɓarya ba, ba za a ɗora tukunya ba, balle waɗanda ke zaman gudun hijira a ɗaki ɗaya cikin gidan wani. Shi ya sa tun kafin a tafi asibiti ya kamata a san wa zai riƙe gida: ƙanwa ce za ta zo, ko abokiyar zama ce za ta karɓi girki, ko maigida ne zai ware kuɗin kai niƙa inji da na mai ruwa. Mace ba ta iya roƙon wannan da bakinta. Kunya za ta sa ta miƙe a mako na biyu, ɗinki ya buɗe, ko daga baya hanji ya turo ta wurin tabon.

Iyayenmu mata, ga wadda aka cire wa mahaifa wajen haihuwa, ina roƙon alfarma a kan wankan jego. Ruwa mai tafasa da ake fyaɗawa da ganyen darbejiya ba ya haɗuwa da sabon ɗinki. A yi wanka da ruwa mai ɗumi da sabulu, a tsane wurin da tsumma mai tsabta, kada a shafa toka ko man shanu ko wani gari. Kunun kanwa kuwa, tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta yawan shansa da kwanciya kan gado mai wuta da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Macen da ta zubar da jini mai yawa, zuciyarta ta riga ta gaji. A ba ta hanta, kifi, ƙwai, wake, zogale, da ruwa isasshe don kada ta yi yunƙuri a bayan gida. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke sa ɗinki ruwa.

'Yar ɗigowar jini na wasu makonni ba abin tsoro ba ne. Amma zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ko jini mai yawa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, wannan komawa asibiti ne a ranar. In fitsari ya fara zuba ba tsayawa, kada a ɓoye ta a ƙuryar ɗaki. Ana gyara shi a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha a Sakkwato, akwai kuma cibiyar Danja kusa da Maraɗi ga waɗanda can ya fi musu kusa.

Maigida, saura kai. A yi haƙuri da shimfiɗa har mako shida, sai likita ya duba ya ce ta warke. Bayan nan zaman aure yana nan daram. Maganar da ake yaɗawa cewa cikinta ya zama fanko, ko ta daina zama mace, ba ta da tushe. Da yawa ma sai bayan aikin suke samun lafiyar da suka shekara ba su gani ba, su yi sallarsu da azuminsu babu yankewa. Amma ka tuna, wata ta shiga ɗakin tiyata da ciki wata tara, ta farka babu ɗan, babu kuma damar sake wani. Za ta yi kuka, za ta yi shiru, wata ma abinci zai fita ranta. Gorin haihuwa daga bakin kishiya ko dangin miji ya fi wuƙar likita zafi, kuma kai kaɗai ke iya tsawatarwa a ji. Sirrinta ne, ita ke da ikon faɗa wa wanda ta ga dama. In baƙin cikin ya wuce makonni, ba barci, ba walwala, a faɗa wa likita, shi ma ciwo ne mai magani.

Kafin ku baro asibiti, ku karɓi takardar sallama wadda aka rubuta abin da aka cire da abin da aka bari. A naɗe ta a leda a ajiye tare da katin zaɓe, domin a wannan zamani mutum bai san garin da zai kwana gobe ba, likitan can kuma da takardar zai yi aiki. In an bar bakin mahaifa, gwajin sankara bai faɗi a kanta ba. In an kai naman da aka cire ɗakin bincike, a koma a karɓi sakamako ranar da aka sa, ko da ta ji garau.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da ƙasar Gobir lafiya. Sai mun sake haɗuwa.

[Kiɗan rufe shiri]