LOKACIN SHUKA CIYAWA A ƘASAR ƘAURA DA ZURMI DA SHINKAFI

Idan ka ce wa manomi ya shuka ciyawa sai ya yi maka dariya, domin a saninsa ciyawa abar nomewa ce, Allah ke fid da ita, fartanya ke kashe ta. A zamanin da daji ya ke da yalwa maganarsa gaskiya ce. Amma yanzu duk wanda ya bi hanya daga Ƙauran Namoda zuwa Zurmi, ko ya miƙa arewa zuwa Shinkafi, ya san gamba ta ja baya ƙwarai. Tafasa da garmani sun cinye burtali da makiyaya da dama, zana ta yi tsada, filayen makarantu kuwa sun zama faƙo, ruwa na yanka su kowace damina. Sabo da haka shuka ciyawa ya zama aiki kamar sauran ayyuka. Abin da na ke so in jawo hankalin malaman makaranta da ma'aikatan ofis a kansa shi ne lokacin shukar, gama sau da yawa a kan ɗora wa iri laifi, alhali kuwa ba a kan kari aka zuba shi ba.

Mu fara da yadda ruwa ke zo mana. Iskar da ke ɗauke da damshi daga teku ta ke tasowa, watau daga kudu maso yamma, ta riƙa matsowa arewa kaɗan kaɗan, in kaka ta gabato kuma ta koma ta inda ta fito. Don haka wanda ke kudu shi ke fara samun ruwa, shi ne kuma ruwa ke daɗewa a wurinsa. Gusau ta fi Sakkwato ruwa nesa ba kusa ba, garuruwan nan namu uku kuwa suna tsakani. Ƙaura ce ta kudu, Zurmi na arewa maso gabas da ita, Shinkafi ce can arewa. Tsakanin Ƙaura da Shinkafi bai fi mil 40 ba a miƙe, amma wannan ɗan tsakani ya isa ya rage wa mutumin Shinkafi kwanaki a farkon damina, ya kuma rage masa a ƙarshenta. Ruwan farko ya kan sauka cikin Mayu ko farkon Yuni, marka ta kama cikin Agusta, kafin tsakiyar Oktoba sama ta ɗauke.

To, ruwan farkon nan shi ne babban mayaudari. Manomi ya kan yi binne, ya zuba gero cikin busasshiyar ƙasa ya jira, ko kuwa ya bi sawun ruwan farko da shuka. Yana da hujja, domin a kan tura gero cikin rami inda damshi ke daɗewa, in kuma fari ya kashe shi asarar 'yan tiyoyi ce, sai a sake. Irin ciyawa ba haka ya ke ba. Ƙanƙane ne, ba shi da guzurin da zai huda ƙasa mai zurfi, tilas a bar shi kusa da sama, kada zurfinsa ya wuce rabin inci. Wannan fatar ƙasa ta sama kuwa ita ce rana ke fara gasawa. A yi ruwa yau, iri ya kumbura ya fid da tsiro, gobe da jibi ranar bazara ta buɗe, shi ke nan ya ƙone, kuma irin da ya tsira ya mutu ba ya sake tsira. Wanda aka watsa tun ƙasa na bushe kuwa, tururuwa ta kwashe rabonta, guguwar da ke gaban hadari ta kwashe saura.

A shekarar 1988 wani masani da ke aiki a tashar binciken noma ta Sadore, kusa da Yamai, ya tsara ƙa'idar gane kamawar damina a ƙasashe irin namu. A lissafinsa damina ta kama in an sami ruwa milimita 20, watau inci ɗaya ba kaɗan, cikin kwana 3 a jere, sa'an nan cikin kwana 30 da suka biyo baya ba a yi fashin ruwa fiye da kwana 7 ba. Mai karatu zai lura da cewa ba a tabbatar da wannan sai bayan wata guda ya wuce. Manomin gero ba shi da halin jiran wata guda, amma mai shuka ciyawa yana da shi, kuma ya kamata ya jira. In an gama noman farko an shiga maimai, ka tona ƙasa ka tarar damshi ya kai taƙi guda, ka dunƙula ta a hannu ta riƙe, to lokaci ya yi. A yawancin shekaru wannan ya kan faɗo daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli a wajen Ƙaura, a wajen Shinkafi kuwa sai Yuli ya shiga.

Jira kuma yana da iyaka, nan ne ma ma'aikata suka fi faɗawa. In aka kai marka, ruwa mai ƙarfi ya kan kwashe irin ya tara shi a kwari, ko ya daddaɓe ƙasa ta yi ɓawon da tsiro ba ya iya fasawa. Ban da wannan, gamba tana da nawar tashi. Makonninta na farko saiwa ta ke yi, ganyen kamar zare, har mai gaggawa ya ce ba ta fito ba. Tana bukatar wata 2 zuwa 3 na ruwa kafin ta kafu yadda za ta jure wata 7 ko fiye na rani. Wadda aka shuka a ƙarshen Agusta za ta yi kore shar cikin Satumba, a rubuta rahoto a ce aiki ya yi kyau, amma hunturu na busawa sai ta bi iska. Ga kuma wani abu da ba ya cikin littafi. Da damina awaki da tumaki a ɗaure su ke, shanu kuma an nisanta su da gonaki. Da an kawar da amfani sai a sake su, ciyawar da ba ta yi saiwa ba kuwa akuya ba gutsura ta ke yi ba, tumɓuke ta ta ke yi gaba ɗaya. A ganina duk wanda 15 ga Agusta ta riske shi bai shuka ba a Zurmi ko Shinkafi, gara ya ɗaure buhunsa ya ajiye sai baɗi.

Ƙasa ma tana da nata hukunci. Jigawa ta kan sha ruwa da wuri ta kuma bushe da wuri, ita ce ta fi bukatar a jira ruwa ya zauna. Fadamun Gagare da Bunsuru kuwa ambaliya ce abin tsoro a cikinsu, sai a shuka a gefen tudu. Faƙo sai an fasa shi an zuba taki.

Shukar Yuli tun kakar bara a ke shirya ta. Gamba ba ta fid da kai sai yini ya fara gajarta, wajen Oktoba, irin ya nuna cikin Nuwamba, in an yi sakaci ya zube. Iri ne mai gashi, mara nauyi, mai yawan ƙaiƙayi, kuma sabon yanka ba ya tsira sosai sai ya kwanta watanni. Ka ga hikimar Ubangiji: da yana tsira nan take, da ɗan yayyafin ƙarshen kaka ya tashe shi ya hallaka. A yanke kawunan, a shanya a inuwa, a ajiye inda ɓera da gara ba su kai. Kafin shuka malami ya sa yara su ƙirga ƙwaya 100 su jera cikin tsumma mai laima, bayan mako 2 a ƙirga waɗanda suka tsira. Darasin lissafi ke nan, an kuma san ko za a yawaita iri.

Wanda bai tara iri ba yana iya dashe, kamar yadda manoma suka saba a kan iyakar gona. A tsaga tushen gamba a dasa ranar da aka kwana ana ruwa, cikin Yuli ko farkon Agusta. Dashe ya fi jure marka. Haka a ke yi wa ƙiri-ƙiri a filin ƙwallo. Kyasuwa kuwa 'yar shekara guda ce, tana da saurin tashi, ta fi yafe wa wanda ya makara.

Kada a raina gamba don ta gida ce. Irin da aka ɗauka daga Shika, kusa da Zariya, shi aka gwada a Kolambiya, a 1980 aka raba wa makiyayan can da na Birazil. A arewacin Ostireliya kuwa ta yi yawa har gobararta na cin itatuwa, hukuma ta sa ta cikin miyagun ciyayi. Mu da muka ba duniya ita, mu ne ke nemanta. An kafa dokar makiyaya ta Jihar Arewa a 1965, babban dajin Zamfara da ke gabas da Zurmi yana cikin wuraren da aka keɓe, aka yi madatsun ruwa. Farin 1973 da na 1984 suka bi ta kansa, gonaki suka matso, dabbobi suka ƙaru. Ba na cewa ƙarancin ciyawa kaɗai ya jawo fitinar da ta addabi ƙasar nan, amma kowa ya san rigimar manomi da makiyayi a bakin burtali ta kan fara.

Saura magana ga masu riƙe da alƙalami. Takardar neman kuɗin shuka in ta fita ofis cikin Yuni ta riga ta makara, kamata ya yi ta fita tun Oktoba, kafin lokacin yankan iri. Hukumar NiMet tana fid da hasashen damina a farkon kowace shekara, a nema a karanta wa hakimai da dagatai. Makarantu kuwa suna tafiya dogon hutu wajen ƙarshen Yuli, don haka a gama shuka yara na nan, a kuma san wanda zai cire haki a bayansu. Kowace makaranta ta kafa ma'aunin ruwan sama a fili, nesa da itace da indararo, a riƙa duba shi da ƙarfe 7 na safe ana rubutawa cikin littafi guda, wanda zai zauna a makarantar ko an yi wa malamin canji.