Shin gasa da kamfanonin waje na ƙara ingancin ababen hawa?

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta tashi daga birnin Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Jega, zai lura cewa da wuya ya ci karo da motar da aka haɗa a Najeriya.

Galibin motocin hayar da ke jigilar fasinjoji tsofaffi ne da aka yi amfani da su a Turai ko Amurka, waɗanda ake kira 'yan Kwatano. Baburan 'yan kabu-kabu kuwa, na kamfanonin Indiya ne da China.

Wannan ya sa ake ta muhawara kan ko barin kamfanonin waje su yi gasa a kasuwa na sa a samu abin hawa mai nagarta, ko kuwa yana kashe masana'antun gida ne kawai.

Zamanin Fijo

Garin Shagari na da alaƙa ta musamman da wannan batu. Alhaji Shehu Shagari ya taɓa shugabantar hukumar gudanarwar kamfanin Peugeot na Kaduna kafin a zaɓe shi shugaban ƙasa a 1979.

Kamfanin ya fara haɗa motoci a 1975, a lokacin da kuɗin mai ke kwarara. A wancan zamani ne aka kafa Volkswagen a Legas, da Steyr a Bauchi, da Leyland a Ibadan, da ANAMMCO a Enugu, da kuma kamfanin manyan motocin Fiat a Kano.

Gwamnati ta ba su kariya ta hanyar haraji da lasisin shigo da kaya, kuma ita ce babbar mai sayen motocinsu. Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta ƙara ƙuntata shigo da kayayyaki a matakan tsuke bakin aljihu na 1982.

Babu mai musun cewa Fijo 504 mota ce mai ƙarko, wadda ta dace da zafi da ƙura da ramukan hanyoyin arewa, kuma kusan kowane makaniki ya san cikinta. Amma an fito da ita ne tun 1968, aka daina ƙera ta a Turai a 1983, alhali a Kaduna an ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. Kamfanin da ya san mai saye ba shi da wata mafita, ba abin da zai sa shi gaggawar sauya fasali.

Haka kuma yawancin sassan motocin daga waje ake kawo su, don haka da darajar naira ta karye bayan shirin SAP na 1986, sabuwar mota ta gagari ma'aikacin gwamnati.

Darasi daga Amurka

Masu goyon bayan gasa kan kafa hujja da Amurka. A shekarun 1970 da 1980 motocin Japan irin su Toyota da Honda sun mamaye kasuwar ƙasar saboda ba sa yawan lalacewa kuma ba sa shan mai, abin da ya tilasta wa kamfanonin birnin Detroit gyara aikinsu.

A ɓangaren motocin shaƙatawa kuwa, wato masu ɗakin kwana da madafa a ciki, waɗanda iyalai ke yawon hutu da su, akasarinsu a jihar Indiana ake yin su, kuma kamfanoni biyu, Thor da Forest River, su ne ke riƙe da mafi yawan kasuwar. Masu saye sun daɗe suna kukan yoyon rufi da aikin gaggawa, wasunsu na ganin rashin abokin hamayya daga waje ne ya jawo hakan.

Sai dai abin da ya shigo Najeriya bayan 1986 ya sha bamban. Sabuwar Toyota ce ta kara da sabuwar Ford a Amurka. A nan kuwa motar da ta shekara goma ko fiye a kan titi ce ta kara da sabuwar Fijo, kuma araha ce ta ba ta nasara, ba inganci ba. Masana'antun suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, ba tare da sun sami sararin gyara kansu ba.

Inda gasar ta yi amfani

A kasuwar babura ne aka ga gasa ta haƙiƙa. Baburan China irin su Jincheng sun karya farashin na Japan a farkon shekarun 2000, har talakan ƙauye ya iya mallakar nasa. Daga baya Bajaj ta Indiya ta shigo da Boxer, wanda ya fi jure kaya da doguwar tafiya, kuma kayan gyaransa na ko'ina.

Manomin da ke ɗora buhunan gero ko albasa zuwa kasuwar Boɗinga ba ya buƙatar talla: yana ganin babur ɗin da ya fi daɗewa a hannun maƙwabcinsa, shi yake saye. Duka sababbi ne, farashinsu bai yi wa juna nisa ba, shi ya sa nagarta ce ta raba gardama.

Gwamnatocin baya-bayan nan dai sun yi ta kai gwauro suna kai mari. A 2013 aka fito da manufar da ta ɗaga harajin shigo da motoci zuwa kashi 70 cikin 100, a Janairun 2017 aka hana shigo da su ta iyakokin ƙasa irin na Illela, sannan dokar kuɗi ta 2020 ta sake sassauta harajin.

Kamfanin Innoson na haɗa motoci a Nnewi, kuma a 2022 kamfanin Dangote Peugeot ya fara nasa aikin a Kaduna. Amma faɗuwar naira tun daga 2023 ta sa hatta 'yar Kwatano ta fi ƙarfin akasarin direbobin hanyar Shagari, waɗanda yanzu suka koma sayen tsofaffin motocin da aka riga aka mora a cikin gida.