Ɓawon Tangaran A Kan Haƙori: Zato Da Gaskiyar Magana

Duk wanda ya zaga Wuse II ko Maitama ko Garki a Abuja zai ga asibitocin haƙori masu zaman kansu suna tallar farin murmushi. Cikin ayyukan da suke yi akwai wanda ake kira biniya, wato wani siririn ɓawon tangaran, mai kaurin kimanin rabin milimita, da ake mannawa a fuskar haƙoran gaba. Wani likita a Kalifoniya ta Amurka, Charles Pincus, shi ya fara yin irinsa a 1928 domin 'yan fim, su sa lokacin ɗaukar hoto su cire. Sai a farkon shekarun 1980 aka gano dabarar manna shi ya zauna daram.

Babban kuskuren mutanenmu shi ne ɗaukarsa tamkar kwalliyar da za a tuɓe in an gaji da ita. Wasu ma haƙorin Makka suke kwatanta shi da shi. To, haƙorin Makka hula ce ta zinare ko azurfa da ake kifa wa haƙori. Shi kuwa wannan, galibi sai likita ya kankare wani ɓangare na farin rufin nan mai tauri na saman haƙori kafin ɓawon ya sami wurin zama. Rufin nan ba ya tofowa kamar gashi ko farce. Ke nan wanda aka kankare wa haƙori ba zai sake zama babu ɓawo ba. Yakan yi shekara 10 zuwa 15, wani lokaci fiye, daga nan sai a sake biyan kuɗin sabo. Budurwar da ta sa don biki tana shekara 22 ta lissafa sau nawa za ta koma.

Akwai kuma masu tsoro fiye da kima, saboda hotunan da suke gani a intanet na waɗanda suka je Turkiyya aka feƙe musu haƙora kamar ƙusa. Wancan shiri ne na sa hula, wadda ke rufe haƙori gaba da baya. In likita ya ce biniya zai sa amma zai feƙe haka, a tsaya a yi tambaya.

Haka nan ɓawon ba magani ba ne. Haƙorin da ke ƙarƙashi yana nan da ransa, yana iya yin kogo, musamman a bakin dasashi inda abinci ke maƙalewa. Mai dasashi mai jini sai an fara yi masa magani. Buroshi da asuwaki ba su ƙare ba. Tangaran ba ya saurin ɗaukar launin goro ko shayi, amma maƙwabtansa suna ɗauka, sai baki ya zama kala biyu. Kuma maganin faranta haƙori ba ya aiki a kansa. Tauna ƙashi da ƙanƙara da buɗe kwalba da baki kuwa, kowa ya san abin da ke samun farantin tangaran.

Inda ya fi amfani shi ne haƙorin da ya ɓantare, ko mai tabon da goge-goge ba ya fitarwa, irin wanda yawan sinadarin fuloraid a ruwan sha ke jawowa, kamar yadda aka sani a Langtang da Kaltungo. Ana kuma toshe wushirya da shi, abin da Bahaushe zai ji banbaraƙwai, tun da a wurinmu ado ce.

Aikin na likitan haƙori ne mai rajista da Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wadda hedikwatarta ke nan Abuja. Mai shagon kwalliya ba shi da hurumin taɓa haƙorin kowa da injin kankara.