Matashin Masanin Tattalin Arziki Da Darasin Kwanar Gafan

A jami'o'inmu, ƙaramin malamin tattalin arziki ba ya samun ƙarin girma sai ya wallafa maƙaloli a mujallun ilimi, ga kuma ɗimbin ɗalibai da takardun jarrabawa. Shi ya sa da yawa kan zauna a ofis suna jujjuya alƙaluman Babban Bankin Nijeriya, alhali babbar tambaya tana jiran su a bakin titin Kano zuwa Zariya.

Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, ita ce ta raya noman rani a Garun Mallam, Kura da Bunkure. Amma da kakar tumatir ta kama, sai farashi ya faɗi warwas a kasuwar Kwanar Gafan, kwanduna su ruɓe. A gefe guda, masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 ta sha tsayawa saboda rashin isasshen tumatir. Yaya aka yi yalwa da rashi suka haɗu wuri guda? Amsa wannan aikin masanin tattalin arziki ne.

Akwai abin koyi. David Norman ya zo Jami'ar Ahmadu Bello a 1965 yana matashi, ya shafe shekaru yana bin gonakin ƙauyukan Zariya, har ya nuna cewa haɗa gero, dawa da wake a gona ɗaya dabarar kauce wa asara ce, ba jahilci ba. Wannan bincike ne ya fito da sunansa a duniya.

Gani ya kori ji. Wajibi ne jami'o'i da hukumar TETFund su ɗauki nauyin binciken cikin gona, kuma a riƙa lissafa shi wajen ƙarin girma.