Kalmomin Ƙarfafa Gwiwa da Rowar Bakin da Ake Yi wa Yara

Kalmomin ƙarfafa gwiwa su ne maganganun da ke sa wanda ya gaji ya sake miƙewa, wanda ya fid da rai ya sake sa rai. Kowane harshe da inda ya ajiye su. Turanci ya gina kalmar encourage a kan tsohuwar kalmar Latin mai nufin zuciya, inspire kuwa asalinta hura wa mutum numfashi ne. Bahaushe ya kai tasa gwiwa, domin mai duƙe da fartanya ya san gaɓar da gajiya ke fara kamawa. Ana ƙarfafa gwiwa, ana sanyaya ta, ana karya ta. Akwai zaburarwa, da ƙara ƙaimi, da ba da baki ga wanda ya yi rashi, da albishir wanda tukwicinsa goro ne, da kyautata zato, da sa albarka. Matasan da ke cewa sai an ari Turanci kafin a yi irin wannan magana ba su taɓa buɗe ƙamusun Bargery na 1934 ba, balle na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006. Kalmomin suna nan jibge. Rowarsu ake yi, musamman ga yara.

A Karfi da ƙauyukan da ke kan hanyar Funtua zuwa Malumfashi, kamar sauran ƙasar Hausa, an daɗe da riƙe wata fahimta: wai yabon yaro a gabansa lalata shi yake yi. Yaro ya dawo da sakamakon jarrabawa, ya zo na biyar a aji, ya durƙusa ya miƙa takardar yana cewa, "Baba, ga shi." Uban ya duba, ya ajiye a kan tabarma, ya ce, "Su huɗun da suka wuce ka kai biyu gare su?" Yarinya ta tuƙa tuwon masara karo na farko ba tare da gudaji ba, abin da kawai za ta ji daga Inna shi ne gishirin miya ya yi yawa. In aka yi wa iyayen magana, sai su jawo karin maganar nan ta ka ƙi naka duniya ta so shi.

Karin maganar gargaɗi ce a kan shagwaɓa yaro da goya masa baya in ya yi laifi. Babu inda ta ce a hana shi sannu. Kuma al'adar da ake fakewa da ita ba ta yarda da wannan rowa ba. Ranar gayya, makaɗin gangar noma ba don ado ake gayyato shi ba. Yana bin samari a baya, yana kiran kowa da sunansa da na ubansa, wanda ya fara ja da baya a tsakiyar kunya ya ji an wasa shi, sai ka ga ƙura ta tashi, ya wuce na gabansa. Mai gona ya san kuɗin da ya ba makaɗi sun dawo masa kafin azahar. Mamman Shata, wanda ya yi zamansa a Funtua har ya rasu a 1999, ya shafe shekaru da dama yana cin abinci da wannan sani, kuma manyan mutane masu furfura suka riƙa ba shi riguna da motoci don su ji an ambace su da alheri. Abin mamaki ne a ce dattijo na buƙatar a wasa shi, amma yaro ɗan shekara 10 yabo guba ne a gare shi.

Hujja ta biyu ita ce tsoron baki. Ana cewa in aka yaba abu, kambun baka zai kama shi. Addini bai ƙaryata kamun ido ba, amma maganin da ya bayar ba shiru ba ne. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik an kawo labarin Sahlu ɗan Hunaifu, wanda Amiru ɗan Rabi'a ya yaba kyawun jikinsa, sai Sahlu ya faɗi ciwo. Laifin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kama Amiru da shi shi ne rashin sa albarka. Daga nan tubarkalla ta samo matsayinta a bakin Bahaushe. Haka kuma da Manzon Allah ya aiki Mu'azu da Abu Musa zuwa Yaman, wasiyyar da ya yi musu ita ce su sauƙaƙa, su yi bushara, kada su kore mutane. Wanda ya ƙi cewa masha Allah, ya ƙi cewa madalla, ya kuma kira shirunsa tsoron baki, rowarsa ce kawai ya sa wa rawani.

Akwai ɗan ƙwayar gaskiya a cikin fargabar iyaye, kuma bincike ya nuna inda take. A 1998 wasu masana halayyar ɗan'adam a Amurka, Claudia Mueller da Carol Dweck, suka ba yaran firamare aikin ƙwaƙwalwa. Wasu aka yabe su da cewa suna da basira, wasu aka yaba ƙoƙarin da suka yi. Da aka kawo aiki mai wuya, waɗanda aka kira masu basira suka fi saurin karaya, suka fi son mai sauƙi don kada sunansu ya ɓaci. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙari suka fi jurewa. Ashe kambamawa ce ke cutarwa, irin ta "ɗana ya fi na kowa". Yaba aikin da ido ya gani daban ne. Hausa ma ta raba su tun tuni: zuga daban, sannu da ƙoƙari daban.

Talauci, da alkunyar ɗan fari, da gadon tarbiyyar da su kansu iyayen suka taso a ciki duk suna da hannu a wannan rowa.

Gyaran ba ya cin ko kwabo. Abu na farko shi ne a ambaci aikin da sunansa. "Kunyoyin nan sun miƙe, Allah ya yi maka albarka" ta fi "kai gwani ne" amfani, domin yaron ya san abin da zai maimaita gobe. In akwai gyara, a fara da abin da ya yi daidai, sannan a nuna kuskuren, kuma a nuna shi a keɓe. Gwale yaro a gaban ƙannensa ko a zaure cike da baƙi ba horo ba ne. A daina gwada shi da ɗan maƙwabci ko ɗan kishiya. A gwada shi da inda yake bara. Wanda ya tashi daga na 20 ya koma na 12 ya cancanci madalla fiye da na ɗayan da bai motsa ba.

Kalmomi irin su daƙiƙi, da "ba za ka taɓa yin albarka ba", su fita daga bakin uwa da uba gaba ɗaya. Al'ummar da ta yi imani bakin mahaifi ba ya faɗuwa ƙasa ita ce ya kamata ta fi kowa jin tsoron furta su. Malamin boko da na allo su ma abin ya shafe su: almajirin da ya kai izu biyar, a faɗa masa ya yi ƙoƙari tun kafin ranar sauka. Uban da kunya ta hana shi yabon ɗan fari ido da ido yana iya faɗa wa kawun yaron ko kakarsa, saƙon zai isa.

Manya ma suna cikin lissafi. Manomin da ya ci bashin taki, farashin masara ya faɗi a kasuwar Funtua bayan kaka, ko tsutsa ta cinye masa auduga, ba ya buƙatar "ai na faɗa maka". Jaje ake fara yi masa, a ce Allah ya mayar da alheri, sai hankalinsa ya kwanta sannan a zo kan shawara. Kuma kada a cika shi da alkawarin da ba shi da tushe, irin su "baɗi za ka ninka". A tuna masa abin da ya rage a hannunsa: gonar tana nan, shanun huɗa suna nan, akwai fadamar da zai yi noman rani. In mai maganar yana da tiya biyu ta iri da zai iya ba shi aro, ya haɗa da ita.