Ɓawon Kwakwar Attagara Da Amfaninsa

Wanda ya tashi a Arewa, abin da ya sani kwakwar Attagara shi ne ƙwallon nan mai tauri, mai ido uku, wanda a ke fasawa a kasuwa a sayar yanka-yanka tare da dabino. Sai ran da ya sauko Kudu ya je wajen Badagiri a bakin teku, sa'an nan zai ga ashe a bisa itace tana da riga. Rigar nan ɓawo ne mai kauri, kore in tana ɗanya, ruwan ƙasa in ta ƙosa. Masu gona su kan cire shi tun can kafin lodi, don kada ya cika mota a banza. Waɗansu su kan banda kifi da shi, saura kuwa a bar shi tsibi-tsibi.

In ka yage ɓawon za ka iske abu biyu. Akwai zare mai kaushi kamar gashin wutsiyar doki, akwai kuma gari mai taushi kamar dusa a tsakanin zaren. Wajen kashi ɗaya cikin uku ne zare, saura duk gari ne.

Bari mu fara da zare. Gwanayen aikinsa su ne mutanen Kerala a kudancin Indiya, da na Siri Lanka, wadda a ke kira Silon kafin 1972. Yadda mu ke jiƙa rama a kududdufi don ɓawonta ya saki, haka su ke yi, amma nasu ya fi jinkiri. Su kan tsoma ɗanyen ɓawo cikin ramukan bakin gulbi inda ruwan teku ke gauraya da na kogi, su danne shi da laka, ya yi wata 6 har zuwa 10. In ya ruɓa sai mata su fitar su buge shi da sanda, garin ya zube, farin zare ya fito. Da shi a ke tufka igiya, a saƙa tabarmi. Ɓawon kwakwar da ta ƙosa kuwa jan zare ya ke bayarwa, mai ƙarfi, na burushi da tsintsiya da tabarmar goge ƙafa ta bakin ƙofa, a kan kuma cusa shi cikin katifa. Yanzu inji ke yin yawancin aikin, ba a jiran watannin nan.

Abin da ya ɗaukaka zaren nan shi ne ruwan gishiri ba ya saurin cinsa. Dalili kuwa yana da lignin da yawa, watau abin da ke sa itace tauri. Matafiyin nan Ibn Batuta, wanda ya zo har Takadda kusa da Abzin cikin 1353, ya zauna tsibiran Maldib wajen 1343, har ya yi alƙalanci can. Ya ba da labari cewa da igiyar kwakwa su ke ɗinke katakan jiragensu maimakon ƙusa. Wai in jirgi mai ƙusa ya bugi dutse cikin teku sai ya tarwatse, amma ɗinkakke ya kan ɗan lanƙwasa ya tsira. Cikin 1859 wani Bature mai suna James Darragh ya kafa masaƙar farko ta wannan zare a garin Allepe na Kerala, kana cikin 1953 gwamnatin Indiya ta yi doka ta kafa hukuma mai kula da sana'ar. A zamanin nan har raga a ke saƙawa da shi, a shimfiɗa a gangaren da zaizaya ke ci. Kafin ragar ta ruɓe bayan 'yan shekaru, ciyawa ta riga ta kama ƙasa.

Amma ni labarin garin ne ya fi ba ni mamaki. Shekaru da yawa masu aikin zare ba su san abin da za su yi da shi ba. Ba ya ci da wuta sosai, ba ya kuma ruɓewa da sauri, sai ya taru bayan ma'aikatu kamar tuddai. Can a Turai kuwa masu lambun ɗakin gilashi suna renon tsiro cikin wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓen gansakuka da a ke haƙowa daga fadamu, wadda ta kan yi dubban shekaru kafin ta taru. Da aka fara kukan ana ɓata fadamun, daga wajen 1990 sai manoman Holan da waɗansu suka juyo kan garin kwakwa. Yau ana busar da shi, a matse shi kamar bulo, a aika ƙasashen duniya. Bulo mai nauyin kilo 5, in an zuba masa ruwa, ya kan kumbura ya wuce lita 60.

Kirkinsa shi ne yana shan ruwa kamar soso, ninkin nauyinsa sau da yawa, duk da haka ya bar wa saiwa iska. Ɗalibin da za a tura koyarwa inda ruwan rijiya ke da wuya da rani, ya kamata ya lura da wannan saboda lambun makaranta.

Sai dai akwai kashedi biyu, na farkon kuwa da kaina na ɗanɗana. Na taɓa samo ɓawo daga bakin teku, na daka, na shuka irin tumatir ciki. Ya tsiro lafiya, bayan mako biyu bakin ganyen ya ƙone, rabi ya mutu. Ashe gishiri ne, gama kwakwar bakin teku tana tara shi cikin ɓawonta. Lalle ne a jiƙa garin cikin ruwan daɗi ya kwana, a tsiyaye, a sake har sau uku ko fiye. In an bar shi waje damina ta wanke shi, ya fi kyau.

Na biyu, garin nan ba taki ba ne, abincin tsiro da ke cikinsa kaɗan ne. Sabonsa ma ya kan ƙwace wa tsiro abinci sa'ad da ya ke ruɓewa, ganye ya yi rawaya. Saboda haka a gauraya mudu ɗaya nasa da mudu ɗaya na ruɓaɓɓen takin dabbobi da mudu ɗaya na ƙasar lambu, a cika kwando ko gwangwani mai huda a gindi. Kafin a ƙara ruwa, a tura yatsa ciki a ji, gama samansa ya kan bushe alhali kuwa ƙarƙashi na nan jiƙe.