Wa Ya Ci Ɗari Huɗu a Kasuwar Gaya?

Ga wata ƙara da na ɗauka ba tare da kowa ya kawo mini ita ba. Abin a Gaya yake faruwa, ba Gayar Kano ba, ta jihar Dosso a Nijar, wadda ke zaune bakin kogin Isa, Malanville ta Benin na hango ta daga tsallake, Kamba ta jihar Kebbi kuma na gabas da ita. Baƙo ya sauka a tasha, ya canji kuɗinsa zuwa sefa, ya tsaya gaban wata dattijuwa mai kifi banda. "Inna, nawa kashi?" Ta ce, "Ɗari." Ya zaro ƙwandala mai ɗauke da 100 ɓaro-ɓaro a jikinta, ya ajiye. Ta duba, ta turo masa abarsa. "Ɗana, wannan ai ashirin ce." Ya ƙara ɗaya, ta ce arba'in. Sai da ya jera biyar sannan ta naɗe masa kifi. Ɗari aka ce masa, ɗari biyar ya biya, kuma duk kasuwar ba wanda ya ce ɓarawo. To, wa ya ci ɗari huɗun?

Wadda za a fara tuhuma a fili take: Inna. Ta ga baƙon fuska, ta ji Hausar da ba ta gari ba, ta tsuga masa. Zargi ne mai daɗin faɗa, amma bai kai ko'ina ba, domin ɗan gari da ya zo bayansa, wanda ta sani tun yana goye, shi ma "ɗari" ta ce masa. Bai yi musu ba. Ya miƙa takardar 500, ya ɗauki kifinsa, har da godiya. A sallami Inna.

A shigo da naira. Garin kan iyaka ne, 'yan canji na zaune da damman kuɗi iri biyu, wataƙila da naira ta yi ciniki, baƙon ya biya da sefa. Na so wannan bayani, don yana da ƙamshin ilimi. Sai dai farashin canji ba ya kwana inda ya yini, yau ya hau, gobe ya sauka, shi kuwa wannan ninki biyar ɗin ko gezau. Kuma ka tafi Agadez, inda Najeriya ta yi nisa, ka tambayi kuɗin shayi. Lissafin nan dai za ka tarar. Naira ma ta kuɓuta.

Dattawa za su tuna da watan Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100. Ko tun daga ranar ne baki da aljihu suka raba hanya? A'a. Wancan ninki biyu ne, namu biyar. Kuma kakannin da ba su kai 1994 ba haka suka yi ta ƙirgensu.

Akwai wani zargin da nake jin nauyin kawowa, amma ana faɗarsa, wai rashin boko ne, ba su iya karanta lamba ba. Mai wannan magana ya gwada miƙa wa yarinya mai tallar muruci silalla na sefa 175. Kafin ya buɗe wayarsa ta ce masa talatin da biyar. Raba lamba gida biyar a ka, yini guda, ba kuskure, ba aikin jahili ba ne. Ma'aikacin banki ma, da ya rubuta 500 a ofis, in ya fito sayen tsire "ɗari" zai ce.

Waɗanda ake tuhuma sun ƙare. Saura shaidu.

Bazabarme da Badande sun ce su ma ƙwandalar 100 "waranka" suke ce mata, wato ashirin, takardar 500 kuma "zangu", wato ɗari. A Bamako, Babambare ya ce "mugan", ashirin ke nan. A Dakar ma biyar-biyar ake ƙirga kuɗi da Wolof. Harsuna daban, ƙasashe daban, lissafi ɗaya. Amma ka bi hanyar Kamba, da ka tsallake iyaka, ɗari ta koma ɗari. Sawun mai laifin ya bi duk inda Faransa ta yi mulki, ya tsaya cak inda ta tsaya. To Bafaranshe ne? Shi kuma in ya ga 100, ɗari yake cewa da harshensa.

Mu koma bakin Inna. Me ta ce? "Ɗari." Ɗari me?

Ba ta faɗa ba. Ba wanda ke faɗa. Kowa ya sani.

Dala.

Kada mai karatu ya zabura, ba dalar Amurka ba, wadda guda ɗaya ke cin ɗaruruwan sefa. Dalar Gaya sefa biyar ce. Lambar da aka buga a jikin kuɗi faran take ƙirgawa, wanda Hausawan Nijar ke kira tamma, baki kuwa dala yake ƙirgawa. Dala ashirin, tamma 100. Dala ɗari, tamma 500. Inna da baƙonta duk gaskiya suka faɗa, mudunsu ne ya bambanta. Ba a ci ko tamma ɗaya ba.

Amma mai bincike ba ya tashi daga zama don an gano sunan mai laifi, sai ya ji daga ina ya fito. Dalar nan da ta Amurka 'yan gida ɗaya ne. A ƙarni na 16 aka fara buga wani babban sulen azurfa a Joachimsthal, cikin ƙasar Cek ta yau, aka gajarta sunansa zuwa "thaler", daga nan kalmar dala ta samo tushe. Mafi shahara a zuriyar ita ce mai hoton sarauniyar Ostiriya, Maria Theresa, wadda ta rasu a 1780, aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara a jikinsu har bayan kowa ya manta da ita. Ayarin raƙuma suka ƙetaro da su Sahara. Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana ba da guda ɗaya a kan wuri 2,500. Wuri na cefane ne, azurfa ta ajiya da babban ciniki da adon mata.

Da Faransawa suka kafa mulkin soja a Nijar a 1900, suka zo da nasu sulen azurfa na faran biyar, mai nauyin giram 25. Ta Maria Theresa giram 28 ce. A tafin hannu kusan abu ɗaya ne: fari, faffaɗa, mai nauyi, mai ƙara in an jefa shi a dutse. Da shi ake biyan soja, shi ake nema wajen haraji. Mutanen da suka saba da waccan ba su wahalar da kansu neman sabon suna ba. A Mali da Senegal ma haka aka yi, sai dai su sunan dirhamin Larabawa suka laƙaba masa.

Sauran labarin gajere ne. Azurfa ta janye bayan yaƙin duniya na farko, takarda ta maye gurbinta, aka ƙirƙiro sefa a Disambar 1945. Dalar yau wata 'yar ƙwandala ce ruwan tagulla da ba ta sayen abin kirki, yaro ma sai ya ga dama ya duƙa mata. Amma har gobe da ita ake auna kowane ciniki.

Saura tarko ɗaya, kuma shi ya fi kama mutanen Najeriya. In dala ta kai ɗari biyu, sai ta sake suna ta zama jika, sefa 1,000. A nawa hasashen jakar gaske ce: silalla 200 masu giram 25, kilo biyar cif, abin da mutum zai ɗaure baki ya saɓa. A Najeriya kuwa jaka fam 100 ce ta zamanin Ingilishi, da naira ta zo a 1973 aka canji fam ɗaya naira biyu, ta zama naira 200. Bakano ya ji "jika biyar" a rumbun 'yan gwanjo na Gaya, ransa ya ba shi naira dubu, alhali sefa 5,000 ake nufi. Da an kai miliyan kuma, sai a watsar da dala a koma ƙirgen banki, miliyan guda jika dubu ce. Don haka in dillali ya ce maka kaya sun tashi miliyan ɗaya da jika ɗari biyu da dala hamsin, ma'auni uku ya haɗa maka a numfashi ɗaya, kuma abin da za ka rubuta a takarda shi ne 1,200,250.